Ɓangaren da Kawu Bai Goge Ba

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu, sai dai Kawu ya riga mu kama hanya. Yayan mahaifiyata ne. Ya rasu a tsakiyar daminar nan a gidansa na Tudun Wada, bayan ɗan zazzaɓin da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, har shi kansa. Na zauna rubuta wannan ne don na rasa inda zan sa kaina. Ko a wurin zaman makoki kasa zama na yi. Kafin a shafa fatiha sai in miƙe, in leƙa zaure, in zagaya inda motarsa take, in dawo in tsuguna, in sake tashi. Har wani dattijo ya ja min gefen riga ya ce, "Kai, zauna mana! Ƙuma ce a wandonka?"

Duk wanda ya zo gaisuwa, sai ya fara da Kawu ya ƙare da motar. Tsohuwar a-kori-kura ce shuɗiya, wadda tun ina saurayi ita ke kai gawar unguwarmu maƙabarta, kuma Kawu bai taɓa karɓar ko na mai ba. Liman da ya gama addu'a ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. To, mu kuma yanzu wa zai kai mu?" Mutane suka fara 'yar dariya, sai kowa ya haɗiye tasa. Daga cikin gida ana jiyo wata tsohuwa maƙwabciya tana kuka tana cewa ya yi mata alkawarin shi zai kai ta, kuma zai bi da ita a hankali. Wani ɗan kasuwa Kirista, ɗan kudu mai sayar da kayan fenti a Sabon Gari, ya zo ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙarshen tabarma. Hausarsa ta fi ta wasunmu, amma ranar bai iya haɗa kalma biyu ba, hannu kawai ya riƙa ba mutane.

Bayan sadakar uku babban ɗan Kawu ya ja ni gefe. Taubashina ne, ma'aikaci a Kaduna, kuma tun muna yara ba ya kirana da sunana.

"Bawan gidanmu," ya ce, "motar nan ta shiga gado. Ka ga dai yadda take, gefe ɗaya na walƙiya, gefe ɗaya kamar an yi wasa da toka. Ka ƙarasa gogewar kafin arba'in, dillali zai kawo masu saye."

"Unguwa fa?"

"Unguwa ba ta cikin magada."

Gaskiya ya faɗa. Amma tun daga nan na san inda na tsaya. In na gama aikin, mota ta tafi. In ta tafi, ba mu da abin ɗaukar gawa. Makullin kuma a aljihuna yake.

Bari in faɗi yadda aka yi motar ta zama rabi da rabi, don wannan shi ne Kawun da nake so a tuna.

Ni sana'ata gyaran fentin mota. Ba feshi nake yi ba, gogewa nake yi. In fenti ya dushe ko ya yi zane-zane, sai in bi shi da inji da man gogewa har haskensa ya dawo. Rumfata tana bakin titi, ba nisa da gidan Kawu. Shi kuwa tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan manyan motoci, da ya ajiye aiki ya sayi a-kori-kurar nan. Kullum hancinta na kallon ƙofa yake ajiye ta, makulli a rataye a ƙusa a zaure, tabarma a naɗe a baya, tanki bai taɓa yin ƙasa da rabi ba. Gawa kuwa bai taɓa ce mata gawa ba, fasinja yake cewa. In ya ɗauko fasinja ba ya danna ham, ba ya kunna rediyo, in taya ta faɗa rami sai ka ji ya ce, "Yi haƙuri, Malam." Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ba ya ji." Ya ce, "Fasinjana ba ya ƙorafi, shi ya sa nake yi a madadinsa."

Wata safiya ya tsaya a gaban rumfata, bai ko kashe inji ba ya yafito ni.

"Ɗan nan, zo ka shafa nan."

Na shafa gefen bodin. Tafin hannuna ya fito shuɗi kamar na dama bula.

"Fentin ya mutu, Kawu. Rana ta cinye shi, ya zama gari."

Sai ya gaya min abin da ya faru. Jiya sun kai wani dattijo daga wajen Gyallesu. Wajen tura makara a baya, gefen likkafani ya goga bakin bodin, da aka zo sauke shi a kabari sai ga shuɗin layi a wajen ƙafa. Ba wanda ya yi magana, amma Kawu ya gani. Ya ce, "Mutum ya yi wankansa na ƙarshe, an sa masa farinsa, ni kuma in ɓata masa a hanya? Haba!"

Na ce sai dai a kai ta feshi.

"Kwana nawa?"

"In an dace da mai hannu, kamar mako biyu."

"To, ka karɓo mana alkawarin ba wanda zai mutu a unguwar nan sai an gama?"

Don in kashe maganar na ɗauko inji na gwada masa a wani ɗan wuri a ƙofar baya, faɗin faifai. Irin tsohon fentin nan, sau da yawa samansa ne kawai ke mutuwa, in ka cire mataccen akwai mai rai a ƙasa. Na ɗaga soso, sai ga shuɗi mai duhu ya fito fes a tsakiyar dusashshen wurin. Kawu ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya shafa da farar hularsa, ya duba hular, ba komai.

"Ashe tana nan a ƙasa," ya ce. "Koya min."

"Haba Kawu, ni zan yi maka."

"Kai kana da masu jiranka. Kuma in ka tasa ta a gaba, aka zo nemana, za ka ce in bari ka gama. Ni kuwa in ajiye in tafi. Koya min, na ce."

Haka mutumin da ya yi min huɗuba ranar da aka haife ni ya zama ɗan koyo a rumfata, da furfurarsa da komai. Da hantsi yake zuwa cikin wata tsohuwar riga, ya juya hancin motar ya kalli titi, ya yi sallama ya ce, "Oga, an tashi lafiya?" Na roƙe shi don Allah ya daina ce min Oga, mutane na ji. Sai ya ƙara ɗaga murya. Masu kawo min mota su yi ta dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Wallahi ban taɓa koyar da mai taurin kai irinsa ba. Na ce a ɗiga man gogewa kaɗan a soso, shi kuwa ya lafta kamar mai shafa wa yaro magani, yana kunna inji man ya fantsama har gemunsa. Na ce a bar injin ya yi aikinsa, shi kuwa ya danna da ƙarfi kamar mai niƙa a dutse. Na ce ba a gogewa a rana, ƙarfe in ya yi zafi man bushewa yake, ya ce a inuwa ba ya gani sosai. Ranar da ya fara juya soso ya ga ya rine shuɗi, tsalle ya yi baya.

"Oga! Motar ce fa ke bin soson nan!"

Na ce ai aikin ke nan. Gogewa ragewa ce, kana cire kaɗan daga sama don na ƙasa ya fito, kuma abin da ka cire ba ya dawowa. Shi ya sa ba a tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa ake taɓa ƙarfen da bayan hannu a ji ko ya ɗau zafi. Ya riƙa juya soson a hannunsa. Daga ranar hannunsa ya ɗan yi sauƙi, amma kansa bai yi ba.

Wata rana ya iso yana fara'a, ƙofar dama sai ƙyalli take tun daga nesa. Ya ce a gida ya yi ta jiya da yamma, ba inji ba komai, in zo in ga aiki. Ina matsowa na ji ƙanshin ƙuli-ƙuli.

"Kawu, man gyaɗa ka shafa?"

"Ɗan kaɗan. Innarku ce ta ce haka take wa ƙwaryarta."

Kafin azahar ƙofar ta kwashe duk wani yashi da ƙuda da ke kan titin Tudun Wada. Mun sha wahalar wanke ta da sabulu, yana wankewa yana mita, wai ai da safe ta fi tawa kyau.

Na koya masa gwajin farce. In ka ja farce a kan zane ya wuce sumul, gogewa za ta fitar da shi. In farcen ya maƙale, zanen ya yi zurfi, a bar shi, in ka matsa za ka cinye fentin da ke kewaye. Sai Kawu ya zagaye motar da farcensa, duk inda ya maƙale ya tsaya ya ba ni labari. Wannan ginshiƙin ƙofar maƙabarta ne, ranar ruwa. Wannan amalanke ce a kasuwa. Da ya zo kan wani dogon zane a ƙofar baya ya ce zoben wata mata ne, da ta riƙe ƙofar ta ƙi saki ranar da za a fita da mijinta, sai da 'yan uwanta mata suka ɓamɓare ta. Ya ce, "Wannan ko farce bai maƙale ba, a bar shi."

A ka'ida daga rufi ake farawa a gangaro ƙasa. Na gaya masa, ya dube ni sheƙeƙe.

"Rufi wa ke taɓa shi? Tsuntsu?"

Daga ƙofar baya ya fara, sai bakin bodin gefe da gefe, duk inda makara ke bi da inda masu rakiya ke jingina da fararen rigunansu. Sai da ya gama nan, ya bi shi da kaki, ya kawo farin ƙyalle ya goga ya duba, sannan ya yarda ya taɓa wani wuri. Aikin kuwa ba ya sauri, don sau da yawa muna tsakiyar yi wani zai zo ya yi sallama ya tsaya a bakin rumfa da irin fuskar nan. Kawu ba ya tambaya. Zai ajiye inji, ya wanke hannu, ya canja riga, ya shiga mota, man gogewa na nan a jikin ƙofa yana bushewa. In ya dawo mu kankare mu sake.

Rigimarmu ta gaske a kan inji ce. Hannun Kawu ya fara rawa, ni na gani, shi ya ƙi gani. Wata rana ina can ina fama da motar wani, na ji sautin injin ya canja. Kafin in iso ya kwantar da bakin soso a kan kaifin madigadi, inda fenti ya fi siranta, ya cinye shi har farin fentin ƙasa ya leƙo. Hannun rigarsa kuma saura ƙiris injin ya naɗe. Na zare waya daga bango na ce, "Kawu, daga yau da hannu za ka riƙa yi. Inji ya fi ƙarfinka." Ya ajiye injin a hankali, ya sa hularsa, ya ja motarsa.

Ya ɗauke min ƙafa. In zai wuce rumfata sai ya juya kai yana kallon shagon tela da ke ɗaya gefen, kamar yau ya fara ganinsa. Ashe Sabon Gari ya tafi wurin ɗan kudun nan ya samo man gogewa, yana yi da tsumma a ƙofar gida. Har gobe ina nan a kan bakana, ban yi laifi ba. Da injin ya kama rigar nan da wani labarin ake yi. Amma Inna, matarsa, ta aiko a kira ni, ta ce, "Kai da kawunka kun hana ni sakat. Ya goge mota, ya goge butar alwala, jiya na kama shi da murfin tukunyata. Je ka ba shi injinsa." Muka yi sulhu a zaure. Ni zan rufe duk wani kaifi da tef in bi shi da hannuna, shi kuma ya riƙe inji a shimfiɗaɗɗen wuri, a kan gudu mafi ƙanƙanta, da hannun riga a naɗe. Ya karɓi sharaɗin kamar shi ya yi min alfarma.

A wurin ɗan kudun na ji abin da ke tsakaninsu, Kawu bai taɓa gaya min ba. Shekarun baya ƙanen ɗan kudun ya rasu, ya yi ta neman mota, duk direban da ya ji akwatin gawa ne sai ya ce yana da wani aiki. Wani ya kwatanta masa gidan Kawu. Kawu ya kai su har maƙabartarsu, ya zauna a waje cikin mota har suka gama waƙe-waƙensu da addu'o'insu, ya dawo da su gida. Da wasu a unguwa suka yi ƙananan maganganu, abin da ya ce kawai, fasinja fasinja ne.

Ranar da ya gama ɓangaren dama ba zan manta ta ba. Ya share kakin ƙarshe, ya ja baya, sai ya ga kansa a jikin ƙofa, daga hula har takalmi. Ya matsa kusa ya shafa gemu.

"Tabɗi! Ashe haka na tsufa? Oga, ka ga abin da aikinka ya jawo min. Da can ba ta gaya min."

Ya ce mako mai zuwa sai ɓangaren hagu. Washegari zazzaɓin ya kama shi.

Ni na ja motar ranar jana'izarsa. Ban taɓa jin tsoron sitiyari ba sai ranar. Da muka isa, Allah ya yafe min, mutane na ta salati ni kuwa idona na kan gefen likkafani. Aka zare shi ta kan bakin bodin da ya goge da hannunsa, aka sauke shi. Fari tas. A nan ne kukan ya ƙwace min, na juya na riƙe ƙofar mota na yi mai isata.

To, shi ne taubashina ya ce in ƙarasa. Na kawo motar rumfata, na yi ta jan ƙafa. Yau in ce ba wuta, gobe in ce hadari, jibi in ce soso ya ƙare. In ɗauko inji in ajiye. In zagaya motar, in buɗe ƙofa in rufe, in fita titi in dawo. Aikin mutane ya taru ban taɓa ba. Na je wurin dattawan masallaci na ce ko unguwa za ta haɗu ta riƙe motar, kowa ya ce lallai magana ce mai kyau, za a duba. Har yanzu ana dubawa. Ni kuma ba ni da halin saye, da ban tsaya roƙon kowa ba. Taubashina na bugo waya yana cewa, "Bawan gidanmu, ko sai na zo da bulala?" Ina mayar masa da wasa, amma mu duka mun san wasan ya fara tsami.

Sai Inna ta aiko. Tana cikin takaba, na zauna a bakin ƙofar ɗaki, tana daga ciki.

"An ce ba ka taɓa motar ba."

"Inna, in na gama sayarwa za su yi."

"Na sani. Haƙƙin 'ya'yansa ne, akwai mata, akwai masu karatu." Ta ƙara da cewa, "Kawunka bai taɓa barin aiki rabi ba. Kullum in na tuna motar nan a haka, sai in ji kamar ya fita ne bai dawo ba. Ka gama masa, ɗan nan."

Na koma na naɗe hannun riga. Da haushi na fara, haushin ne ma ya sa ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Na wanke ta, na rufe kaifi, na bi ɓangaren hagu da man gogewa mai kaushi, na biyo da mai laushi, na haska tocila ina neman ko ɗan zagayen soso ya rage. Na hau rufin da ya ce na tsuntsaye ne na goge. Wurin da ya ƙona a madigadi ban taɓa shi ba, zanen zoben ma haka. Da na gama na fito da ita rana, masu wucewa sai da suka riƙa tsayawa. Wani ya tambaye ni ta wane ne, mutumin da ya sha binta a baya zuwa maƙabarta.

Dillali ya zo ya zagaya ta yana gyaɗa kai. Da zai tafi ya rage murya ya ce, "Sai dai fa ka san mutane. Ba sai an faɗi aikin da ta yi ba." Ai kuwa ya ba ni makami bai sani ba. Mai saye na farko yana cikin shafa bonet na ce, "Alhaji, injinta lafiya lau, don ba ta taɓa gudu ba. Gawa take ɗauka." Ya janye hannu ya goge a babbar riga, ya ce zai yi shawara. Na biyu ko ƙofa bai buɗe ba.

Taubashina ya taso daga Kaduna takanas. Wannan karon da sunana ya kira ni.

"Me kake nufi da mu?"

"Ƙarya kake so in yi?"

"Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Amma wa ya tambaye ka? Kai kana da rumfarka, kana da sana'arka. Ƙannena mata fa? Kana ganin ni ba na so in ga motar Baba a ƙofar gida? Da ita na koyi tuƙi!"

Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka. Na ce ni dai duk wanda ya zo zan faɗa masa. Ya ce in yi yadda na ga dama, ya juya ya tafi ba sallama. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don ba mu taɓa rabuwa ba tare da ɗayanmu ya tsokani ɗaya ba.

Na uku wani mai buga bulo ne daga Dutsen Abba, mutum mai sanyin magana. Ko gaisuwa ban bari mun gama ba na sakar masa maganar. Ya dube ni, ya dubi motar.

"Na sani," ya ce. "A layin bayanku na tashi. Ita ta kai mahaifina."

Ya leƙa ƙasanta, ya saurari inji, ya shafa bakin bodin ya ce an yi aiki a nan. Na ce masa bulo zai kankare wurin cikin mako guda. Ya ce zai shimfiɗa buhu. Na ce, "In an yi rasuwa fa?" Ya ce, "Ka kira ni. In ina kusa, kuma ba kaya a kai." Bai yi min alkawarin da ba zai iya ba, wannan na yaba masa. Suka gama magana da magada, na miƙa masa makulli, na tsaya a bakin titi ina kallonta har ta sha kwana.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya lallaɓa bayinka a hanya, ya Allah ka lallaɓa shi. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka masa, ka yafe masa kurakuransa, ka ba Inna da 'ya'yansa haƙuri, ka daidaita tsakanina da ɗan uwana. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Jiya da hantsi ina cikin aikin motar wani na ji sallama a bakin rumfa. Mai niƙan layinmu ne. Ban tambaye shi ba, na ga fuskarsa. Mahaifinsa ne, da asuba. Ya kalli bayana inda motar ke tsayawa, ya ga wurin fayau, ya sake kallona. Na ciro waya na kira mai bulo. Ya ce yana kan hanyar Kaduna da kaya, ko ya yi sauri sai bayan la'asar. Ya yi wa mamacin addu'a, na ji a muryarsa ba daɗi, amma ba a ajiye gawa ta jira bulo.

Na kashe inji, na wanke hannu, na ja ƙyauren rumfa na bi mai niƙa a baya. Bayan an sallaci mahaifin nasa muka ɗaga makara, matasa a gaba, muna karɓa-karɓa, tsofaffi na binmu a baya suna haki, wasunsu tun a rabin hanya suka zauna a bakin titi suka ce mu je, Allah ya ba mu lada. An yi ruwa da safe, hanyar duk taɓo. Da aka zo kaina na sa kafaɗa. Ban taɓa sanin maƙabartar nan tana da nisa haka ba.